Jakar gudun gaggawa: fara da abin da babu mai ba ka

Girgizar ƙasar da ta auka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023 ta zo ne da ƙarfe 4:17 na asuba, a tsakiyar hunturu. Da yawa daga waɗanda suka tsira sun tsinci kansu a titi da kayan barci, sanyi na kaɗa su. A Darna ta ƙasar Libiya, cikin dare madatsun ruwa biyu suka ɓalle a watan Satumban wannan shekarar. A garin Paradise na jihar Kalifoniya kuwa, lokacin gobarar dajin Nuwamban 2018, hanyoyin fita sun cunkushe har wasu suka bar motocinsu suka ci gaba da ƙafa. Bala'o'in sun sha bamban, amma abin da suka bar wa mutum ɗaya ne: 'yan mintoci da hannaye biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa nake ganin kowane gida ya kamata ya mallaki jakar da aka riga aka haɗa, wadda za ta riƙe mutanen gidan na kwana uku, wato awa 72 da hukumomin agaji suka saba lissafawa kafin taimako ya kai ga kowa.

Idan ka duba jerin kayan da waɗannan hukumomi ke bugawa za ka ga yana da tsawo, kuma kusan komai a ciki yana da amfani. Sai dai a bayan mutum za a ɗauke su. Don haka duk abin da zan saka a jakarmu, tambaya biyu nake yi a kansa. Ta farko, idan na isa inda zan fake, akwai wanda zai iya ba ni wannan abin? Ta biyu, zan iya tafiya da shi a ƙafa, cikin duhu, ina riƙe da hannun yaro? Masu agaji in sun iso, ruwa suke kawowa da abinci da barguna da tantuna, domin su ne kowa ke buƙata. Babu motar agajin da za ta zo da maganin hawan jinin mahaifiyata, ko tabarau daidai da idona, ko takardar haihuwar 'yata. Waɗannan su ne farkon shiga jaka, sauran su biyo baya gwargwadon wurin da ya rage.

Magani

Mahaifiyata tana zaune tare da mu, kuma kullum safe sai ta sha ƙwayar hawan jini. Ɗana na biyu yana da asma. Saboda su biyun nan, aljihun sama na jakarmu na magani ne kawai. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka tana ba da shawarar a ajiye maganin kwana bakwai, kuma na yarda da ita, don ko an samu mafaka a rana ta biyu, kantunan magani da asibitoci kan daɗe ba su dawo daidai ba. Akwai magungunan da yanke su farat ɗaya haɗari ne: na farfaɗiya, na zuciya, na hawan jini, na ciwon suga, na tarin fuka, na cutar kanjamau, da na lafiyar ƙwaƙwalwa. Mai shan ɗaya daga cikinsu ya yi magana da likitansa tun yanzu kan yadda zai samu rarar mako guda. Kada kuma a bar rarar ta tsufa a jaka. Duk lokacin da aka karɓo sabon magani, a saka sabon a ciki, a ciro wanda ya kwana biyu a ci gaba da sha.

Tare da maganin akwai 'yar takarda da na rubuta da hannu: sunan kowane magani na asali, wato na sinadarin da ke ciki ba na kamfani kaɗai ba, da yawan miligiram ɗinsa, da sau nawa ake sha a rana, da magungunan da jikin kowa ba ya karɓa. Idan ka ce wa ma'aikacin jinya a sansani "wata 'yar farar ƙwaya ce take sha", ba ka ba shi abin da zai yi aiki da shi ba. Amma in ka miƙa masa sunan sinadarin, ko ba shi da irin naku yana iya samo madadinsa.

Masu allurar insulin nasu tanadin daban ne. Yawancin nau'o'insa suna iya kai kwana 28 a wajen firji matuƙar zafin wurin bai wuce digiri 30 ba, amma rana kai tsaye tana lalata shi, daskarewa ma haka. Ba ya zama a jaka yana jira. Allurai da na'urar gwajin suga su ne za su zauna a ciki, shi kuma a ɗauko shi daga firji lokacin fita.

Tsohon tabarau da ka canja, kada ka yar, jefa shi a jaka. Wanda ba ya gani sosai in tabaransa ya fashe a cikin turmutsutsu, ya zama ƙarin wanda za a ja-gora. Haka batiran na'urar ji ga mai amfani da ita.

Kayan taimakon farko ba sai sun yi yawa ba: bandeji, filasta, auduga, maganin wanke ciwo, almakashi, safar hannu, da farasitamol na manya da na yara. Ba a ba yara asfirin.

Takardu

Nan ne mutane suka fi sakaci, kuma nan ne wahalar ta fi daɗewa. Yunwar kwana biyu tana wucewa, amma wanda ya rasa shaidar ko shi wane ne yana iya shafe watanni yana zarya tsakanin ofisoshi, ba ya iya taɓa kuɗinsa na banki, ba ya iya tabbatar da cewa gidan da ruwa ya ci nasa ne. Ka yi kwafin katin shaida, fasfo, takardun haihuwa, takardar aure, takardun gida ko fili ko yarjejeniyar haya, takardun makaranta, katin rigakafin yara, da takardar inshora in akwai. Ka saka su a leda mai zif, ka sake saka ledar cikin wata. Na asalin su taru a ambulan ɗaya a wuri ɗaya da kowane babba a gidan ya sani, yadda hannu ɗaya zai kwashe su ba tare da bincike ba.

Bayan haka ka ɗauki hoton kowace takarda da waya, ka tura wa kanka ta imel, ka kuma ba wani amintacce da ke zaune a wani gari nesa da naku. Ina nanata nesa, domin ɗan'uwan da ke bayan layinku, abin da ya same ku shi ma ya same shi.

Sai lambobin waya a rubuce a takarda. Gwada kanka yanzu: lamba nawa za ka iya kawowa da ka ban da taka? Ranar da waya ta faɗa ruwa ko cajinta ya ƙare, za ka iya aron ta wani, amma ba za ka iya aron lambobinka ba.

Akwai abu biyu da nake roƙon duk mai ƙananan yara ya yi. Na farko, hoton iyali na kwanan nan, bugagge a takarda, wanda fuskar kowa ta fito sosai. Da shi za ka nuna wa mutane wanda kake nema, da shi kuma za ka tabbatar cewa yaron da aka tsinta naka ne. Na biyu, ɗan kati a leda ga kowane yaro, ɗauke da sunansa da na iyayensa da lambobin waya biyu da duk wata lalura da yake da ita, a saka masa a aljihu ko a rataya masa lokacin fita. Rabuwar yara da iyaye a cikin gudu ba baƙon abu ba ne, har ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent suna da sashe na musamman na sada iyalan da suka rabu. Yaro ɗan shekara uku da ya firgita ba lallai ya iya faɗin sunan mahaifinsa ba.

Ka haɗa da tsabar kuɗi, ƙananan takardu, a raba su wuri biyu ko uku. Idan wuta ta ɗauke kuma sabis ya tafi, na'urar cire kuɗi da tura kuɗi ta waya duk sun tsaya, kuma a ranar babu mai canji.

Ruwa, inda lissafi ke ƙin zama

Hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta ce a tanadi galan ɗaya ga kowane mutum a rana, wato kusan lita huɗu, na sha da tsafta. To, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ruwan kwana uku na mutum ɗaya ya haura kilo 11, na gidan mutum biyar ya haura kilo 55. Babu mai gudu da wannan a baya. Abin da nake yi shi ne raba tanadin gida biyu. Jarkoki cike suna ajiye a gida, don in zama ya kama mu a ciki ko kuma in da mota za a fita. A jaka kuwa kowane babba yana da lita biyu, kowane yaro yana da 'yar gorarsa, sannan ga abin da za mu tsarkake ruwan da muka samu a hanya. Wannan na ƙarshen ya fi ruwan kansa muhimmanci, domin lita biyu ba ta kwana biyu. Ƙa'idojin agaji na duniya da ake kira Sphere sun ƙiyasta cewa mutum na buƙatar lita biyu da rabi zuwa uku a rana don ya rayu kawai.

Ƙwayoyin kulorin na tsarkake ruwa ba su da nauyi kuma suna daɗewa a ajiye. A bi adadin da aka rubuta a jikin fakitin, a jira minti 30 kafin a sha. In babu su, bilic na wanki wanda ba shi da ƙamshi, mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, yana aiki: ɗigo biyu a lita ɗaya, a girgiza, a jira minti 30. Idan ruwan ya gurɓace da laka, a fara tace shi da tsaftataccen ƙyalle, a ninka ɗigon. Tafasawa ta fi duka tabbas, minti ɗaya yana tafarfasa sosai, ko minti uku a wurare masu tudun da ya haura mita 2,000, shi ya sa ƙaramar tukunya ko kofin ƙarfe ya cancanci wuri a jaka. Amma a sani, tafasawa da kulorin ƙwayoyin cuta suke kashewa. Ruwan da fetur ko maganin ƙwari ya shiga, ko mai warin sinadari, babu abin da zai gyara shi, a bar shi.

Duk inda mutane suka taru babu isassun banɗaki, gudawa na biyo baya, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Don haka fakitin ruwan gishiri da suga, wanda ake kira ORS, ba ya fita daga jakarmu, tare da ƙwayoyin zink da ake ba yaro na kwana 10 zuwa 14. Idan fakitin ya ƙare ana iya haɗawa: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, cokalin shayi shida a shafe na suga, rabin cokalin shayi na gishiri. Kada a ƙara gishirin, yawansa na cutarwa. Abin da ya kwana ya wuni bayan an haɗa, a zubar a yi sabo. Na rubuta wannan haɗin a bayan takardar magunguna, don a cikin ruɗani mutum kan manta abin da ya sani.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda ba ya lalacewa, ba ya buƙatar girki, ba ya sa ƙishi: biskit, busassun 'ya'yan itace, abincin gwangwani mai murfin da ake ja da yatsa. In ba irin wannan murfin ba ne, kada a manta mabuɗi. A zaɓi abin da yaran gidan suka saba ci. Mai shayarwa ta ci gaba da shayarwa, domin nono ba ya buƙatar ruwa ko wuta. Jaririn da ke kan madarar gwangwani kuwa sai an ware masa ruwansa daban da kofin da ke da sauƙin wankewa.

Haske, labari, da sutura

Tocilar da ake ɗaurawa a goshi ta fi ta hannu, saboda hannayenka suna da aiki. A cire batiran a ajiye su gefe cikin leda, don batirin da ya daɗe a cikin tocila yakan zubo ya cinye ta. Kyandir ba na wannan jakar ba ne, musamman bayan girgizar ƙasa ko duk inda ake zargin gas na yoyo. Ashana ko laita dai su shiga, a naɗe cikin leda, don tafasa ruwa a fili.

Ƙaramin rediyo mai batir ko mai wani hannu da ake juyawa yana da daraja fiye da yadda masu wayar zamani ke zato. Idan turakun sadarwa suka faɗi ko layi ya cunkushe, ta rediyo ake jin wace hanya ce a buɗe da inda aka kafa mafaka. Waya kuma tana buƙatar caja da fawa-bank cike. Wanda aka rubuta 10,000mAh a jikinsa yana cika yawancin wayoyi kamar sau biyu. Saƙon tes yakan wuce a lokacin da kira ya ƙi shiga, kuma bai cin caji. Sai usur, ɗaya ga kowa har yara. Murya tana dushewa cikin ɗan lokaci, usur kuwa da ɗan numfashi yake kai ƙara nesa, kuma busa uku a jere alama ce ta neman ceto da masu aikin suka sani.

Kowa ya samu canjin kaya ɗaya a naɗe cikin leda, da safa, da rigar ruwa, da abin rufa. Ko a ƙasa mai zafi, wanda ya kwana a waje da jiƙaƙƙun kaya sanyi na iya yi masa lahani, tsofaffi da jarirai ma sun fi saurin galabaita. Akwai siririn bargo mai ƙyalli da ke naɗuwa ya shige aljihu, yana riƙe ɗumin jiki, ga shi ba nauyi. Takalmi kuwa ba a jaka yake ba, a ƙarƙashin gado yake, sau-ciki mai kaurin ƙasa. Fasassun gilasai da ƙusoshi da abin da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, ƙafa suke fara samu, kuma wanda ya yanke a ƙafa tun daga ƙofar gida, tafiyarsa ta lalace.

Sabulu, buroshi da man goge baki, takardar banɗaki, takunkumin fuska irin N95 don hayaƙi da ƙura, manyan ledojin shara da ke zama shimfiɗa ko rumfa ko rigar ruwa, 'yar wuƙa, da igiya. Audugar mata da kayan tsarkin jarirai su shiga da yawa, kuma a bar matan gidan su faɗi abin da suke buƙata da kansu; wannan na cikin abubuwan da suka fi ƙaranci a sansanoni kuma suka fi wuyar roƙa. Ga ƙaramin yaro, a bar masa abin wasa ɗaya ƙarami da ya shaƙu da shi. Ba ɓata wuri ba ne, dare ne mai tsawo ke jiran sa a wurin da bai sani ba.

Ita kanta jakar

Jakar goyo mai hannu biyu ake so, ba akwati mai taya ba. Taya ba ta tafiya a laka ko kan ɓaraguzai ko a matakala. Ka shimfiɗa babbar leda a ciki kafin ka zuba kaya. Masu nauyi su zauna kusa da bayanka, magani da tocila da takardu a sama. Kada a tara komai a jaka ɗaya. Kowane babba da tasa, kowane yaron da ya tasa da 'yar ƙaramarsa mai ruwa da abin ci da usur, don in an rabu kowa yana da abin riƙe kansa. Ni ƙa'idata kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka, kuma mai goyon jariri ko mai tallafar tsoho ya rage fiye da haka. Idan ka gama haɗawa, ka goya ta ka yi tafiyar rabin awa. Abin da kafaɗarka ta gaya maka, ka yarda da shi, ka dawo ka rage.

Wurinta kusa da ƙofar fita, ba saman kabad ba, ba ƙasan tarin kaya ba. A buɗe ta sau biyu a shekara a duba ranakun lalacewar magani da abinci, a canja ruwa, a cika fawa-bank, a gwada wa yara kayan da aka ajiye masu, don yaro ba ya jiran jaka kafin ya girma. Japanawa sun ware 1 ga Satumba a matsayin ranar shirin kare kai daga bala'i, don tunawa da girgizar ƙasar Kanto ta 1923, kuma a ranar ake atisaye a makarantu da ma'aikatu. Kai ma ka zaɓi ranaku biyu da ba ka mantawa ka ɗaura dubawar a kansu.

Jaka ba ta amfani in ba a san inda za a nufa ba. Ku tsayar da wurin haɗuwa biyu, ɗaya kusa da gida, ɗaya a wajen unguwa, da mutum ɗaya a wani gari da kowa zai tura wa saƙo. Idan hukuma ta ce a fita, a fita da wuri, kafin hanya ta cika. Kada a ratsa ruwa mai gudu: hukumar yanayi ta Amurka ta yi gargaɗin cewa zurfin santimita 15 na iya kayar da babban mutum, santimita 30 na iya jan ƙaramar mota. A inda aka fake kuma, kada a kunna janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki ko tanti, saboda iskar da suke fitarwa ba ta da wari ko launi kuma tana kashewa cikin barci.

Akwai kayan da ba za su iya zama a jaka ba tunda kullum ana amfani da su. Su na rubuta a kati da manyan baƙaƙe na liƙa a jikin jakar: waya, makullai, ambulan na takardun asali, maganin da ke firji, abin shaƙar asma na yaro, sandar mahaifiyata. A ƙasan katin akwai ayyuka biyu, rufe tukunyar gas da kashe wutar gida daga babban makunni, in lokaci ya bari kuma ba sai an taka ruwa kafin a kai gare shi ba. Ka rubuta naka yau, kada ya wuce abu bakwai ko takwas, ka karanta wa duk wanda ya isa ɗaukar jakar in ba ka gida.